Hadda zalla ko haɗin karatu: wanne ya dace da mai koyar da 'ya'yansa a gida?

Wata ƙanwata da ke aure a wani gari ta kira ni bayan sallar isha'i, ta ce ita da maigidanta sun yanke shawarar janye yaransu biyu daga makaranta su koyar da su a gida. Kuɗin zango ya yi musu nauyi, makarantar da ƙarfinsu zai kai kuwa yaro kan shekara uku a ciki bai iya haɗa baƙi ba. Ba shawarar janyewar take nema ba, wannan an riga an gama. Abin da ya raba kansu shi ne da me za a fara. Maigidan yana son a ajiye komai, babban yaron mai shekara bakwai ya duƙufa ga hadda har ya sauke, sauran karatu ya biyo baya. Ita kuwa tana son a tafi da su tare, Alƙur'ani da asuba, karatu da rubutu da lissafi da hantsi. "Yaya, wanne ne daidai a addini?" in ji ta.

Na ce mata duka biyun a cikin addini suke, kuma gardamar da suke yi a ɗakinsu malamai sun yi ta tun kafin a haifi kakan kakanmu.

Inda ba su saɓa ba ma ya fi inda suka saɓa yawa, sai dai zafin musu ya hana su gani. Dukansu sun yarda yaro amana ne, ba kayan ado ba ne da za a fito da shi gaban dangi ranar suna a ce ya karanto musu Yasin. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kwatanta zuciyar yaro da lu'ulu'u mai tsabta da ba a zana komai a kansa ba, duk abin da aka zana zai karɓa, ladan ko nauyin kuma yana kan iyayensa da malaminsa. Sun yarda neman ilimi ibada ne, don haka niyya na gaba da manhaja. Sun yarda ladabi na gaba da karatu. A nan ne ma mai koyarwa a gida yake da nauyin da malamin aji ba shi da shi: malamin aji zai iya rufe halinsa na awa biyar ya tafi gida, kai kuwa ɗalibinka yana ganin lokacin da ka tashi sallar asuba, yana jin yadda kike magana da 'yar aiki, yana jin ka ce wa mai bin bashi a waya ba ka gari alhali kana zaune kan tabarma. Sun kuma yarda Alƙur'ani ne tushe. Risalar da ake karantawa a zaurukanmu, Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya rubuta ta ne bisa roƙon wani malamin yara, kuma a gabatarwarta ne ya kawo maganar nan cewa koyon abu a ƙuruciya kamar zane ne a kan dutse. Babu wanda ke musun wannan a cikinsu. Tambayar kawai ita ce: tushen za a gama ginawa kaf kafin a ɗora bulo ko ɗaya, ko kuwa ana ginawa ana ɗorawa?

Wanda ya fi kowa warware wannan magana, a ganina, shi ne Ibn Haldun, haifaffen Tunis a 1332 da ya rasu a Alƙahira a 1406. A cikin Muƙaddimar da ya rubuta a 1377 ya ware babi guda kan yadda ƙasashen Musulmi suka bambanta wajen koyar da yara. Ya ce mutanen Magrib, wato yankin Maroko da Aljeriya na yau, ba sa koya wa yaro komai sai Alƙur'ani da ƙa'idar rubutunsa, ba hadisi, ba fiƙihu, ba waƙa, ba nahawu, har sai ya ƙware ko ya yanke. Saboda haka babu wanda ya kai su hadda da sanin rasmu, wato ƙa'idar rubutun mus'hafi. Amma wanda ya yanke a hanya, in ji shi, galibi ya yanke daga ilimi ke nan baki ɗaya. Mutanen Andalus, wato ƙasar Sifen ta zamanin mulkin Musulmi, su ma Alƙur'ani ne tushensu, sai dai suna cuɗa shi da waƙoƙin Larabawa da rubuta wasiƙa da ƙa'idojin harshe da gyaran hannu, har yaro ya kai samartaka yana iya riƙe alƙalami ya faɗi abin da ke ransa. Su ma bai ƙyale su ba, ya ce sun yi baya a sauran ilimomi saboda nisansu da zurfafa nazarin Alƙur'ani da hadisi. Mutanen Ifriƙiyya, wato yankin Tunisiya ta yau, suna tsakani: Alƙur'ani da ƙira'o'insa, a haɗa da hadisi da ɗan abin da ya sawwaƙa na wasu fannoni.

Duk wanda ya yi makarantar allo a ƙasar Hausa ya san a wane layi muke. Mu 'yan gidan Magrib ne. Ruwayar Warshu muke karantawa, rubutunmu na allo daga nasu ya samo asali, fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Yaro ya fara da babbaƙu, alu ambaki wau zal, ya shiga farfaru, ya kai ga haɗa baƙi da wasali, sannan a fara rubuta masa allo yana biyawa yana wankewa. Ƙawa'idi da Ahlari da Ishmawi da Iziyya da Risala duk sai bayan sauka, a zaure. Don haka maigidan ƙanwata ba sabon abu ya ƙirƙiro ba, hanyar da ta fitar da alarammomi da gwanaye yake son bi. Ƙanwata kuma, ba tare da ta sani ba, 'yar Andalus ce.

Ƙarfin hadda zalla a lissafi yake fara bayyana. Mus'hafin Madina shafi 604 ne, kowane shafi layi 15. Yaron da ke ɗaukar shafi guda kullum, kwana biyar a mako, zai kai ƙarshe cikin mako 121, wato kusan shekara biyu da wata huɗu, in ba ciwo ba tafiya ba hutun salla. Mai rabin shafi zai ci shekara huɗu da wata takwas. Mai layi biyar a rana, wanda shi ne abin da yawancin masu haɗa karatu ke iya samu, sai ya doshi shekara bakwai. Kuma sabon karatu ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne tishe, wato maimaita na baya. Yaron da ya kai izu talatin, in ba ya maimaita izu biyu a rana, na baya zubewa yake yi kamar ruwa a kwando, izu biyu kuwa shafi ashirin ne, kusan awa guda ga mai bakin da ya faɗa. Idan aka tara sabon karatu da na jiya da tishen nesa, mai hadda ta gaske yana cin awa uku zuwa huɗu kullum. Wanda ya ce zai yi wannan ya kuma ɗora darussa shida a kai, bai taɓa zama da yaro ɗan shekara takwas bayan azahar ba.

Ban da lokaci, akwai abin da hanyar ke ginawa a jikin yaro. Yana koyon zama wuri ɗaya. Yana koyon cewa kuskuren wasali ɗaya kuskure ne, ba a cewa ai kusan daidai ne. Harshensa yana laushi da haruffan da babba ke fama da su. In da allo ake yi, hannu ma yana aiki: ya fiƙe alƙalamin gamba, ya dama tawada, ya yi satu, ya kawo a duba masa kafin ya fara biyawa, don haka abin da ya haddace ya riga ya bi ta yatsunsa. Wannan shi ne sirrin da ya sa alaramma ke iya rubuta Alƙur'ani da ka, abin da yawancin masu hadda daga mus'hafi ba su iyawa. Sannan ga albarka da lada, waɗanda mumini ba ya cire su daga lissafi.

Tsadarta kuma a wuri biyu take. Na farko shi ne wanda Ibn Haldun ya faɗa, mai yankewa. Ba kowane yaro ne ke kaiwa ƙarshe ba. Na san wani saurayi a unguwarmu da aka ajiye wa komai tun yana ɗan shekara shida. Ya kai izu ashirin da wani abu, mahaifinsa ya rasu, malamin ya yi ƙaura, shi kuma aka kai shi shagon kawunsa. Ranar da na je sayen batir ya karanto mini ayoyi daga Kahfi da murya mai sanyaya zuciya, amma da na ba shi dubu biyar a kan kayan dubu uku da ɗari biyu da hamsin sai da ya leƙa maƙwabcinsa ya tambaya. Saƙon waya ma wani ke karanta masa. Yanzu haddar tana zubewa don ba lokacin tishe, ɗaya ɓangaren kuma ba a taɓa gina shi ba. Ba laifin Alƙur'ani ba ne, laifin tsarin da ya ɗora komai a kan cewa rayuwa za ta jira.

Na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Ibn Haldun ya lura cewa Alƙur'ani kaɗai ba ya ba yaro ƙwarewar harshe, domin ba maganar da ɗan Adam zai iya kwaikwayon salonta ba ce, don haka mutanen Magrib suka kasance masu ƙarancin iya sarrafa magana a rubuce. To wannan fa yana magana ne kan yaran da Larabci ke yawo a kasuwarsu. Ɗan Bahaushe da ke tashi da Hausa, in aka tsare shi shekara biyar yana maimaita abin da bai san ma'anarsa ba, ba ya karanta komai da harshen da yake tunani da shi, ba ya rubuta jimla ɗaya tasa ta kansa, an bar wata gona a jikinsa ba shuka a daidai lokacin damina. Daga baya za a iya nomawa, amma da wahala, kuma da kunyar zama aji ɗaya da ƙannensa.

Masu goyon bayan hadda zalla sukan kawo gidan Shehu Usmanu hujja, kuma hujjar tana da ƙarfi, sai dai a karanta ta har ƙarshe. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya faɗa da kansa cewa a wurin mahaifinsu ya karanta Alƙur'ani, yana ɗan shekara 13 aka miƙa shi hannun wansa Shehu, wanda ya karantar da shi Ishiriniya da waƙoƙin Larabawa da tauhidi da nahawu tun daga Ajurumiya. Alƙur'ani ne farko, ba shakka. Amma a cikin gidan akwai Shehu yana jira. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, a irin wannan gida ta tashi, ta fito tana rubuta waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tsara 'yan taru, wato ƙungiyoyin mata masu neman ilimi, jajojinsu, malamai mata, suna kai karatu har cikin gidajen ƙauye. Abin da mai son bin wannan hanya zai tambayi kansa shi ne: ranar da yarona ya sauke, wa ke jiransa a gidana?

Hanyar haɗi ita ma tana da nata ƙarfin da nata ramin. Ƙarfinta shi ne duk inda tafiya ta tsaya, yaro na da guzuri. In ya shekara uku a hannunki sannan hali ya canza, ya fita da izu biyar ko goma, ya iya karatu da rubutu, ya iya tarawa da ɗebewa da sau da rabawa, ya san farillan alwala da abin da ke ɓata salla. Tana kuma barin fannoni su riƙa ciyar da juna. Yaron da aka fassara wa Alam tara kaifa da Hausa, aka ba shi labarin Abrahata da giwayensa, ba ya manta surar. Wanda ya iya kashi-kashi a lissafi, ranar da ya ci karo da ayoyin gado a Nisa'i, rabi da rubu'i da sumuni da sulusi da sudusi ba baƙi ba ne a wurinsa. Nisabin zakka, kwanan wata, alƙibla, duk lissafi ne. A nan ne ake gane cewa raba ilimi gida biyu, wannan na Allah wancan na Nasara, ba daga littattafan malamanmu ya fito ba. Ibn Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 870 ya kuma rubuta littafi kan ladubban malaman yara, ya ambaci lissafi da waƙa cikin abubuwan da ya kyautu a koya wa yaro, duk da bai sa su a matsayin Alƙur'ani ba.

Raminta kuwa kowa ya gan shi, ba sai an je nesa ba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle takwas. Uwa ta sayo littattafan makarantar kuɗi na aji uku gaba ɗaya, ta ƙara da Larabci da hadisi da sira da azkar, ta rubuta jadawali ta manna a bango. Mako uku ana bi. A na huɗu jariri ya yi zazzaɓi, baƙi suka zo daga ƙauye, gas ya ƙare. Abin da ake fara yankewa in rana ta ƙure shi ne tishe, domin shi ne ba ya ihu. Ba wanda zai zo ya duba, ba jarrabawarsa a ƙarshen zango. Bayan shekara sai a tarar yaro yana "izu goma" a baki, amma in ka ja masa aya daga Tabara ya tsaya yana kallon silin. Haɗin da ba a tsare ba a hankali yake komawa boko da ɗan yayyafin addini a kai, wato ainihin abin da aka gudo daga gare shi.

Abin sha'awa, malamin da ya fi kowa nisa daga hadda zalla shi ne kuma ya yi gargaɗi kan wannan. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi na Ishbiliya, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 1148, ya ba da shawarar a fara wa yaro da Larabci da waƙa, sannan lissafi, sannan a kawo shi ga Alƙur'ani lokacin da zai fahimci abin da yake karantawa. Amma ya hana a haɗa wa ɗalibi fanni biyu lokaci guda sai in yana da kaifin da zai ɗauka. Ibn Haldun ya yaba wannan tsari, sannan ya faɗi dalilin da ya sa mutane ba sa bin sa, kuma dalilin nan shi ne mabuɗin zaɓin duka. Ya ce ana gabatar da Alƙur'ani ne don neman albarka, da kuma tsoron abin da ke zuwa da samartaka: yaro yana biyayya ne muddin yana ƙarƙashin iko, da ya balaga iskar ƙuruciya na iya kwashe shi, ya tashi ba Alƙur'anin. Da za a tabbata zai ci gaba da karatu, in ji shi, da tsarin Alƙalin ya fi.

Ba na ba kowa shawarar ya jinkirta Alƙur'ani har sai yaro ya iya nahawu. A gidan da ba a magana da Larabci wannan jira ne marar ranar ƙarewa. Amma ma'aunin da Ibn Haldun ya ajiye yana aiki har gobe: shekara nawa kake da tabbacin yaron nan zai zauna a hannunka yana karatu? Sai dai a zamaninmu tsoron ya zama biyu. Akwai tsoron ya kuɓuce ba Alƙur'ani, akwai tsoron ya kuɓuce ba abin da zai rayu da shi cikin mutane. Wanda bai da tabbacin shekaru masu yawa, saboda yanayin aiki ko lafiya ko zaman haya ko ƙarfin aljihu, haɗi ya fi masa aminci. Wanda ke da gida tsayayye, da malami tsayayye, da tsarin abin da zai biyo bayan sauka a rubuce ba a baki ba, shi ne ke da ikon ɗaukar kasadar hadda zalla.

Sai maganar wanda zai koyar, wadda iyaye kan tsallake. Alƙur'ani daga baki ake karɓarsa. Uban da bai sauke ba, ko ya sauke amma bai da tajwidi, ba zai iya jan yaro zuwa izu sittin da rediyon waya ba. Na'ura tana karantawa, ba ta jin kuskure. In za a ɗauko alaramma ya riƙa zuwa gida, a tambaye shi da wace ruwaya zai koyar tun ranar farko. Na ga yaron da ake biya wa Warshu da safe a gida, da yamma ya je Islamiyyar unguwa ana Hafsu, nan a ce maliki, can a ja a ce maaliki, har ya rasa wanne ne kuskure alhali duka daidai ne. A zaɓi ɗaya a tsaya a kai sai ta zauna. A ɓangaren haɗi kuma nauyin yana kan uwa galibi, ita ce ke gida da hantsi. In ita kanta lissafi na ba ta tsoro, gara a faɗi gaskiya a nemo mai taimako na awa ɗaya, ko a haɗa kai da maƙwabta biyu uku, wannan ta ɗauki lissafi waccan ta ɗauki Larabci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bulala kuwa ta fi kusa da mai hadda zalla, don yana da adadin da yake bi kullum, kuma gajiyar yaro tana kama da taurin kai. A gida abin ya fi muni, saboda mai dukan shi ne wanda yaro zai gudo wurinsa. Ibn Haldun ya ce tsanani yana kashe kuzarin yaro, ya koya masa kasala da ƙarya da munafunci, don yana nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba saboda tsoron hannu. Ya kawo daga Ibn Abi Zaid cewa in ma dukan ya zama dole kada ya wuce bulala uku. Gazali kuma ya ce a bar yaro ya yi wasa bayan karatu, in ba haka ba zuciyarsa ta mutu, basirarsa ta dushe, ya shiga neman dabarar tserewa. Tsangaya ma da ake ganin tsananinta tana sakin yara Alhamis da Juma'a. Mai koyarwa a gida da ya hana wannan hutu wai don a yi sauri, ya fi alarammomi sanin hadda ke nan?

Akwai kuma hukuma da takarda, waɗanda ba sa cikin falsafa amma suna cikin rayuwa. A Najeriya dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye tabbatar da cewa yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara, kuma lafazinta maganar tura yaro makaranta yake yi. Don haka mai koyarwa a gida ya san inda ya tsaya, ya kuma yi tunanin ta ƙofar da yaron zai koma cikin tsari. WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu, hukumar NBAIS tana shirya ta ɓangaren Larabci da addini, jami'a kuma tana neman kiredit biyar, yawancin kwasa-kwasai har da Turanci da lissafi. Mai haɗi yana tafiya kusa da wannan layi, komawarsa ba wuya. Mai hadda zalla sai ya tanadi shekara biyu ko uku na cike giɓi, ya kuma tanadi kuɗinsu. Ga 'ya mace lissafin ya fi matsewa a gidajen da ake aurarwa da wuri: in aka ce sauran karatu sai bayan sauka, sau da yawa bayan saukar biki ne ke biyowa.

Abin da na faɗa wa ƙanwata shi ne ra'ayina, kuma na karkata ne ga Andalus, amma da sharaɗi. Shekara biyun farko a haɗa, sai dai haɗin ya zama siriri: Alƙur'ani bayan asuba lokacin da kai ke sabo, ba a taɓa wannan lokaci ko gobara ake a maƙwabta; da hantsi karatu da rubutu da Hausa tukuna, don yaro ya fi saurin kama karatu da harshen da yake mafarki da shi, Turanci ya shigo a hankali; sai lissafi. Uku ke nan. Fiƙihu a wannan shekaru a bakin famfo ake koyar da shi lokacin alwala, sira kuma a kan tabarma da dare. Idan yaro ya kai shekara tara yana karanta labari shi kaɗai, yana rubuta wa kakarsa wasiƙa, sannan aka ga haddarsa tana zama ba tare da kuka ba, to a nan ne za a iya buɗe wa hadda ƙofa ta cinye mafi yawan yini na shekara biyu ko uku, a bar rabin awa na lissafi da rabin awa na karatu kullum kamar garwashin da ake rufewa da toka don kada a nemi ashana gobe. In kuma aka ga haddar ba ta zama, ba abin kunya ba ne. Haddace Alƙur'ani duka farilla ce ta kifaya, abin da ke kan kowa shi ne ya iya abin da zai yi salla da shi, ya iya karanta sauran daidai.

Maigidan bai karɓa duka ba. Ya ce shekara tara ta yi nisa, shi a takwas yake so, kuma lallai da allo za a yi ba da mus'hafi ba, don shi da allo ya yi. Ƙanwata ta yarda da allon, ta riƙe maganar shekarar sai lokacin ya zo. Da na je gidan bayan wata biyu, ranar wata Laraba da la'asar, na tarar babban yana tsugune bakin rariya yana wanke Wassama'i waɗɗariƙi a cikin ƙwarya, ƙaramar kuma tana jera ƙwallayen dabino goma-goma a kan tabarma, ta kai talatin da bakwai, tana gardama da uwarta cewa ɗaya akuya ce ta cinye.